Shinkafar Kirsimeti a Watan Janairu

Duk wanda ya taɓa kai markaɗe bayan kasuwar unguwar Television a Kaduna ya san Martha, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai furfura a goshi, wadda take zama a kan benci kusa da injinta, ɗaure da tsohon zane a kan na kirki saboda fallatsin tumatir. Mutanen unguwa Maman Albert suke kiranta. Ni maƙwabcinta ne. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, kuma majami'armu ɗaya. Tun da na ajiye aikin koyarwa, a ƙofar gida nake yin yawancin yinina, saboda haka kaɗan ne daga abin da zan faɗa a nan ban gani da idona ba.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Pankshin, aure kuma ya kawo ta Kaduna. Mijinta Ishaku ma'aikacin masaƙa ne, a zamanin da jiniyar masaƙu take tashin rabin garin da safe. Suka kama ɗaki a wani gidan haya a Makera. Ɗakin da yake kallon nasu na wani tela ne mai suna Abubakar da amaryarsa Larai. Martha ta zo gari ba ta san kowa ba. Larai ce ta nuna mata hanyar kasuwa, ita ce kuma ta raka ta asibiti ranar da za ta haifi Albert, domin Ishaku yana bakin aiki. Da Larai ta yi ɓari, Martha ce ta ɗauke mata wanki da girki har ta warware.

Ba zan tsaya a kan rikicin da ya sa mutanen Kaduna suka rarrabu ba, kowa ya nemi unguwar da masu addininsa suka fi yawa. Wanda ya gani ba ya bukatar a tuna masa. Ishaku ya kwashe iyalinsa zuwa Television, su Larai suka ci gaba da zama a Makera. Daga baya masaƙar ta rufe, Ishaku ya sayi injin markaɗe, bai daɗe yana morarsa ba ya rasu. Abubakar ma ya bi bayansa. Albert ya girma ya yi aure, ya koma Narayi. Aka bar mata biyu, kowace a unguwarta, da wata al'ada guda da ba su taɓa fasawa ba.

Al'adar ita ce: kowace Kirsimeti Martha takan kira Zakariyya'u, wani mahauci Musulmi na kasuwar, ya yanka mata kaji, domin Larai ta ci ba tare da shakka ba. Sai ta dafa shinkafa da miya, ta zuba a langa mai murfi, ta ɗaure da ƙyalle, ta hau napep ta kai Makera da kanta. Langar takan zauna a can sai babbar Sallah, sa'an nan ta dawo cike da soyayyen nama. Sauran maƙwabta ma akan kai musu, amma na Larai ne ake fara zubawa.

Akwai abin da ya kamata baƙo ya sani a nan. A garin nan, kwanon da aka kawo wa mutum abinci a cikinsa ba ya komawa wurin mai shi wofi. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba wanda kuma yake karya ta. Kwanon biki yakan jira wani bikin, amma kwanon da ya zo a ranar da ba ta biki ba, cikin 'yan kwanaki ake mayar da shi, kuma ko ɗan gishiri ne sai an sa. Macen da ta mayar da kwano ba komai a ciki za ta sha magana a bakin famfo.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan Kirsimetin bara, wani baƙon fasto matashi ya yi mana wa'azi. Ya ce kada mu ninke Kirsimeti tare da sababbin kayanmu mu saka a akwati sai baɗi. Ya ce mu fita da ita ranar Litinin, mu kai ta kasuwa, mu kai ta ofis, mu shiga da ita Janairu da Fabrairu. Jama'a suka yi ta cewa amin. Da aka tashi, Martha ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, kai da ka yi karatu, me yaron nan yake nufi?"

"Fasto ne, Maman Albert."

"Na sani. Fasto ne kuma yaro ne. Me yake nufi?"

Na bayyana mata cewa ƙauna da kyauta da zaman lafiya bai kamata a killace su a yini ɗaya ba. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Wannan duk na ji. Gobe Litinin in na tashi, me zan yi?"

Na ce ta yi abin da takan yi ranar Kirsimeti wanda yake faranta wa mutane rai.

"Ni dai shinkafa nake dafawa," in ji ta.

Na ce to, madalla, na kama hanyar gida. A zatona maganar ta ƙare ke nan.

A makon farko na Janairu, ina zaune a ƙofar gida, sai ga Zakariyya'u da wuƙarsa a cikin kube, yana tafiya kamar wanda ba shi da tabbacin gidan da aka aike shi. Albert ya kawo wa uwarsa buhun shinkafa a lokacin biki, ba ta ci ko rabi ba, kuma tana kiwon kaji a bayan gida. Ta katanga na ji muryarsa.

"Mama, an ƙara wata Kirsimetin ne ba a gaya mana ba?"

"Yanka kawai, Zakariyya'u. Tambaya ba aikinka ba ce."

"A'a, ina so in sani ne saboda in sari kaya. In ku za ku riƙa yi duk wata, gara in shirya."

Kafin azahar langa ta iso gidana, wata ta shiga gidan Gloria mai shagon kitso, wata ta tafi wurin Isaac direban tanka, wata kuma ta hau napep zuwa Makera. Matata Eunice ta buɗe tamu, ta ga shinkafa da cinyar kaza a ranar Talata, sai ta rufe da sauri ta dube ni.

"Wa ya haihu?"

Na ce ban ji an haihu ba.

"To wa ya rasu? Ko shekarar Ishaku ce ta zagayo?"

Na ce a damina Ishaku ya rasu. Na gaya mata batun wa'azin. Ta ce ita ma tana wurin, kuma ba ta ji an ambaci shinkafa ba. Muka ci abincin, da daɗi ƙwarai, amma a cikin rashin natsuwa. Washegari Eunice ta wanke langar, ta cika ta da garin rogo, ta mayar.

Mako ya zagayo, Zakariyya'u ya sake zuwa. Daga nan unguwa ta shiga fassara. Isaac ya rantse cewa kansila Martha take so ta tsaya, domin a saninsa ba mai raba shinkafa haka kawai sai ɗan siyasa. Gloria ta ce ba haka ba ne, maganar aure take nema a wurin wani, kuma tana raba wa kowa ne don kada a gane wanda ake nufi. Wasu suka dubi tsohon gwauron da yake gyaran rediyo a ƙarshen layi, shi kuma ya fara aske gemu. Amma fassarar da ta fi ƙarfi ita ce ta zumuntar mata ta majami'a. A wurinsu, tsohuwar da ta fara rabar da abin hannunta ba dalili ta ga wani abu ne da sauran mutane ba su gani ba. Wata Alhamis suka zo da ankonsu, suka kashe mata inji, suka kewaye ta da waƙar ta'aziyya. Shugabarsu, Mama Abigail, ta riƙe hannunta tana tambaya a hankali, "Martha, ina ne yake miki ciwo? Kada ki ɓoye mana."

"Ba inda yake mini ciwo. Ku tayar mini da inji, markaɗen mutane yana jira."

"Mafarki kika yi?"

"Wa'azi na ji, Abigail. Kina kusa da ni a benci, har kika fi kowa ɗaga murya da amin."

"Amin kam na ce. Amma ai ba a ɗaukar wa'azi haka."

"To yaya ake ɗaukarsa?"

Sai Mama Abigail ta ta da wata waƙar. A ƙarshen mako Albert ya zo daga Narayi, an riga an kira shi a waya. Ya fara biyowa ta wurina. "Baba Malam, an ce Mama tana sallama da mutane." Na ce a iya ganina ba ta sallama da kowa sai kajinta. Duk da haka ya kai ta asibiti, aka auna jininta, aka ce ta fi shi lafiya.

Abin da ya rikita Martha kanta shi ne abin da yake dawowa. Kowace langa ta fita sai ta komo da wani abu: garin rogo, sabulu, gyaɗa, ashana, busasshiyar kuɓewa, kwalbar manja. Ɗakinta ya fara kama da shago. Ta kira ni in gani.

"Malam, bayarwa aka ce in yi. Ga shi kullum ƙaruwa nake yi. Ina na yi kuskure?"

Na ce ban ga kuskure ba, amma ban kuma ga yadda za a yi ba. Sai ta yanke shawarar ta riƙa haɗa waɗannan kayan da shinkafar tana rabarwa. Ba a daɗe ba sabulun da Gloria ta sa a langa ya komo wa Gloria, da alamar farcenta a jikin takardar. Gloria ta ɗauka an raina kyautarta ne, ta yi kwanaki ba ta kawo markaɗe ba. Eunice kuwa ta ce mini garin rogonmu ya kusa ƙarewa, kuma idan wannan Kirsimetin ba ta tsaya ba, za ta fara sa littattafaina a langa.

Duk wannan bai dami Martha ba kamar abin da ya faru a Makera. Mutanen layi maƙwabta ne, in sun yi fushi za su huce. Larai kuwa ita ce mutum ɗaya da ta rage a duniya wadda ta san Martha tun tana amarya, ta san muryar Ishaku, ta san ɗakin da aka fara kwantar da Albert. Langar farko ta Janairu ta dawo da daddawa da kuka, ta hannun Maryam, matar ɗan Larai. Ta biyu ta dawo da ƙuli-ƙuli kaɗan. Ta uku ta daɗe, sa'an nan ta zo da ɗan kwali a ninke, wanda Martha ta gane, domin ta sha ganinsa a kan Larai. Ta huɗu ba ta dawo ba.

Martha ta kai ta gaba, Maryam ta karɓa a zaure ta ce Inna ta tafi barka. Ta sake kai wata, aka ce Inna ta tafi gaisuwar rasuwa. Ta kira waya, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Martha ta daina raha da masu kawo markaɗe. Wata rana ta zuba wa wani waken ƙosai a kan ragowar attarugu ba ta wanke injin ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Da yamma ta zo ta zauna a kan dakalina.

"Malam, Larai ta guje ni."

Na ce wataƙila hidima ce ta yi mata yawa.

"Wace irin unguwa ce ake haihuwa da mutuwa duk ranar da na je? Wani ne ya gaya mata magana. An ce mata ba Musulmi ne yake yanka kajin ba."

Na ce mai yiwuwa ne.

"Ko kuwa an ce mata ina so in ja ta zuwa coci da shinkafa. Ni? Da ina da wannan niyyar, ai tun muna amare zan fara."

Na ce wannan ma mai yiwuwa ne. Eunice, wadda take jin mu daga ciki, ta ce watakila miyar ce ta yi gishiri. Ba wanda ya hango gaskiyar a cikinmu. Maganin da Martha ta ga ya dace shi ne ta ƙara nama, ta kuma sa Zakariyya'u ya raka ta har Makera ya shaida da bakinsa cewa shi ya yi yankan. Ya je, ya tsaya a zaure ya yi wa Maryam rantsuwa, Maryam ta ce su ba su taɓa shakka ba, ta karɓi langar, ta ce Inna ta tafi asibiti dubiya.

A tsakiyar Fabrairu langogin Martha suka ƙare. Waɗanda ba su maƙale a Makera ba suna yawo a layi. Ta zo ta same ni da safe, ta yi shiga irin ta Lahadi, hannunta ba komai.

"Tashi ka raka ni. In ta kore ni, ina so a samu wanda zai riƙe ni a hanya."

Muka hau napep. Da muka isa, Maryam ta fito zaure ta durƙusa ta gaishe mu, ta buɗe baki za ta faɗi inda Inna ta tafi. Martha ta nuna ƙofar ɗakin da yake cikin tsakar gida.

"Maryam, takalman wa ne waɗancan?"

"Na Inna ne, Mama."

"Ba takalmi ta tafi barkar yau?"

Ba ta jira amsa ba ta wuce. Ni aka shimfiɗa mini tabarma a bakin zaure, inda nake hango ƙofar ɗakin, labule kuma a ɗage yake. Larai tana zaune a bakin gado. Doguwar mace ce siririya, hannunta na dama naɗe da tsumma. A gefen gadon, jikin bango, ga langogin Martha an wanke su fes, an jera ɗaya kan ɗaya, an rufa musu mayafi.

Ba su gaisa ba. Martha ce ta fara.

"Larai, me na yi miki?"

"Ni ya kamata in yi wannan tambayar. Me na yi miki, Martha, da kike so ki tona mini asiri a unguwa?"

"Asiri? Abinci na kawo miki."

"Abinci kika kawo. Sai kuma wani abincin. Sai kuma wani. Ke ba ki gajiya? Kajin nan ba su da dangi da za su yi musu kuka?"

"Kin ji ɗanɗanon wani abu ne a ciki?"

"Daɗi na ji a ciki, shi ne abin haushin. Jikokina har sun san ƙarar napep ɗinki."

"To me ya sa kike ɓuya?"

Larai ta ɗaga hannun da yake naɗe. Ta ce tun kafin Kirsimeti hannun ya ƙi, ta daina suyar ƙuli-ƙulin da take sayarwa. Ɗanta yana ƙoƙari, amma abin da yake kawowa na tukunya ne, ba na kwanon baƙi ba. Langa ɗaya a shekara, in ji ta, ta san yadda take yi da ita: tun daga ƙaramar Sallah take tanadi, in ta samu naman layya kuma ta ware na Martha kafin kowa ya taɓa. Amma langa duk mako ba ta san inda za ta sa kanta ba.

"Na ba ki daddawata. Na ba ki ƙulin da na ajiye wa yara. Na ba ki ɗan kwalina. Saura me? In cire ƙyauren ɗaki in sa miki?"

Martha ta zauna a ƙasa.

"Ai sai ki mayar mini da su haka. Wa ya ce ina son wani abu?"

"Wofi?"

"Wofi."

"Ni Larai? Maryam ta ratsa Makera da kwano yana ƙara a hannunta, ta shiga Television, matan layinku su buɗe su ga ba komai? Su ce ga abin da Musulmar ƙawarta ta aiko? Ke in ke ce za ki yi?"

Daga inda nake na ga amsar a fuskar Martha: ba za ta yi ba.

"Fasto ne ya ce mu shiga da Kirsimeti cikin Janairu," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Faston ne ya ce ki kashe ni da shinkafa? Kawo mini shi in tambaye shi. Yana da mata kuwa?"

"Ban sani ba. Yaro ne."

"Na rantse ba shi da ita. Da yana da ita, da ta gaya masa kwano tafiya biyu yake yi."

Martha ta ce to za ta riƙa zubowa a leda, ba sai an mayar da komai ba. Larai ta ce ita ba mai bara ba ce da za a miƙo mata abinci a leda. Martha ta ce to za ta daina kawowa gaba ɗaya, har Kirsimetin ma. Larai ta ce in ta kuskura ta fasa na Kirsimeti, kada ta zo jana'izarta. Martha ta juyo ta ƙwala mini kira.

"Malam! Kana ji? In kawo laifi, in bari laifi. Me zan yi?"

Na ce ina ji, amma ban san abin da za ta yi ba. Larai ta leƙo ta gaishe ni da kyau, ta tambayi iyali, sa'an nan ta ce wa Martha, "Har da shaida kika zo? Wancan makon mahauci, yau malamin makaranta. Mako mai zuwa alƙali za ki kawo?"

Dariya ta kuɓuce wa Martha, tana yi tana share ido da bakin zane. Larai ma ta yi, amma ta gajarta. Langogin suna nan a jere, ba wanda ya san yadda za su bar ɗakin. Larai ba za ta miƙa su wofi ba, ba ta kuma da abin sawa. Martha ba za ta roƙa ba, domin roƙon kwano daidai yake da tuna wa mutum cewa ya gaza. Suka zauna suna kallon tulin kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

A ƙarshe Larai ta gyara zama, ta juya fuskarta ga bango.

"Ni dai ban mayar wa kowa da kwano ba," in ji ta, tana magana da bangon. "Ban kuma aiki kowa ba. Amma unguwar nan ta lalace da ɓarayi. Mutum yana zaune a ɗakinsa da rana tsaka, sai a shigo a kwashe masa kaya."

Martha ta dube ta, ta dube ni. Ni na riga ta ganewa da kaɗan, na yi mata alama da kai. Ta tashi a hankali, ta yaye mayafin, ta ɗaure langogin a ƙyallenta. Murfi ɗaya ya faɗi ya yi ƙara a siminti.

"Ɓarauniyar ma ba ta iya sata ba," in ji Larai, ba ta juyo ba.

"Yau na fara."

"Maryam! In kin ga wata gajeriya ta fita da kaya, kada ki yi ihu. Tsohuwa ce, ba ta da gudu."

Na karɓi ƙullin na riƙe a zaure, Martha ta koma ciki. Sai a lokacin suka gaisa, tun daga kwana har gajiya har yara. Martha ta kwance tsumman ta duba hannun, ta yi faɗa a kan me ya sa ba a gaya mata ba. Larai ta ce yaushe za a gaya mata, ita da ba ta zuwa sai da langa a gaba kamar mai talla. Aka kawo mana ruwa, aka kawo ragowar ɗumamen tuwo, Martha ta ci a kwanon gidan ta ajiye shi a inda ta same shi. Sai bayan la'asar muka fito. A napep direban ya tambaya ko biki aka yi, ganin tulin kwanuka, Martha ta ce masa sata ta yi, ya kama bakinsa har muka sauka.

Daga wannan makon Zakariyya'u bai sake zuwa ba, kajin da suka rage suka samu sauƙi. Langogin layi suka koma gida ɗaya bayan ɗaya, Gloria ta dawo da markaɗenta, zumuntar mata ta ɗauka addu'arta ce ta yi aiki. Albert ya kai Larai wurin likitan ƙashi, a kan sharaɗin da ita ta kafa, cewa hanya ce ta biyo da shi, ba aiko shi aka yi ba.

Yanzu duk ranar Laraba Martha takan rufe inji da azahar ta tafi Makera hannu wofi. Takan tsefe wa Larai kai, ta taya Maryam tsintar wake, su yi gardama a kan shekarar da aka yi abu kaza. Larai takan ɗauki waya tun a ƙarar farko, yawanci don ta ce kada a zo mata da komai.

Amma Martha ba ta gamsu ba. Kwanan baya ta dawo daga can ta tsaya a ƙofata, ta ce abin yana damunta. Da tana dafa shinkafa, in ji ta, ta san Kirsimeti take yi, ko da kowa yana gudunta. Yanzu kuwa ba ta kai komai, ba ta dawo da komai, zama kawai take yi da surutu.

"Wannan shi ne abin da yaron ya ce mu yi, Malam? Ni dai ban ji kamar Kirsimeti ba. Kamar Laraba nake ji."

Na ce mata zan yi tunani a kai. Ta ce in hanzarta, domin ta ji an ce faston zai dawo wa'azin Ista, kuma tana so ta san matsayinta kafin ya ƙara faɗin wani abu.